Ɗan Fari, Baki Bai Buɗe Ba: Yadda Wata Unguwa a Garwa Ta Riƙe Horon Yaro Mai Otizim a Gida

Yaron da wannan nazari ya shafa yana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane. Ɗan fari ne a wani gidan Hausawa da ke Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. An sakaya sunansa da na iyayensa. Gida ne babba na gado: Hajiya, wato kakarsa ta wajen uba, da 'ya'yanta maza biyu da matansu, da wata 'yarta bazawara da ta dawo gida, sai jikoki. Uban direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya kai Kuseri ko ya tsallaka Njamena, saboda haka kwanakinsa a gida ƙidayayyu ne. Uwar ta taɓa sakandare kafin a yi mata aure, tana karanta Faransanci daidai gwargwado, tana kuma dama kunun gyaɗa na sayarwa da safe.

Masu son taimako ba su taɓa yin ƙaranci a wannan lamari ba. Wahalar da aka sha ita ce ta tsara taimakon yadda yaron zai iya ɗauka, da sasanta horon da al'adun gidan.

Abin da aka fara gani

Har ya cika shekara biyu babu wanda hankalinsa ya tashi. Ya zauna da wuri, ya yi rarrafe, ya taka, jikinsa lafiya lau. Baki ne kawai bai buɗe ba, Hajiya kuwa ta ce ubansa ma sai da ya kusa shekara uku, nauyin baki gadon gidan ne. Goggon ce ta fara lura da abubuwan da ba su shafi baki ba. A kira shi sau goma ba zai waiwayo ba, amma motsin ledar biskit daga can ƙuryar ɗaki zai taho da shi a guje. Ba ya nuna abu da yatsa, ba ya kawo abu wurin babba don a taya shi gani. In yana son ruwa sai ya kama hannun wanda ke kusa ya ɗora a kan randa, ba tare da ya dubi fuskar mai hannun ba. Zai wuni yana jera marafan kwalba a gindin bango, in wani yaro ya taɓa ɗaya sai kuka har da birgima. Ƙarar injin markaɗe na maƙwabta na sa shi toshe kunnuwa. Abincinsa kunu da burodi, sai ko ƙanzon shinkafa. Duk abin da miya ta taɓa ba ya ci.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami. Wasu suka ce iska ce, uwar ta cika fita da magariba lokacin da take da cikinsa. Baffansa ya ɗora laifin a kan allurar rigakafi, zancen da ya samo asali daga wata maƙala da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 1998, ta kuma janye a 2010 bayan an bankaɗo maguɗin da ke ciki, aka soke lasisin likitan da ya jagoranci aikin. Binciken da aka yi daga baya a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga wata alaƙa ba, amma zancen har yau yana yawo a wayoyi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an ɗaura laya.

Shawara mai ma'ana ta fito daga wani ma'aikacin jinya da ke layin: a fara auna kunne. Arewacin Kamaru na cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Sanagal har Habasha, kuma sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da ciwon kunnen da aka yi wa sakaci, duk suna iya barin yaro da kurumta ko jinkirin magana. A irin wannan wuri, wanda ya tsallake awon kunne ya yi gaggawa. Aka auna, yaro yana ji sarai. Daga nan aka ce sai Yawunde.

Tafiyar ta kai kimanin kilomita 900: mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare. Kuɗin ya fito ne daga adashen matan layin, inda kowace ke zuba sefa 1,000 duk Juma'a. Uwar adashe ta roƙi masu gaba su yi haƙuri, aka ba uwar yaron kwasa tun kafin nata ya zo. Ita da goggon suka sauka a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Briqueterie, inda Hausawan Yawunde suka fi yawa.

Likitar da ta duba shi ta shafe lokaci tana kallon yadda yake wasa tana yi wa uwar tambayoyi, sannan ta ce otizim ne. Goggon ba ta gamsu ba da farko, don ba a ɗebi jini ba, ba a ɗauki hoton kai ba. Amma haka ake gano lalurar a ko'ina: babu awon jini ko hoto da ke nuna ta, daga ɗabi'a da tarihin girman yaro ake gane ta, tun daga 1943 da likita Leo Kanner ya bayyana yara 11 a birnin Baltimore na Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita, an kuma fi gano ta a maza. Gado na da babban hannu a ciki. Ba laifin tarbiyya ba ne, ba ta yaɗuwa, kuma babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da ita. Abin da likitar ta rubuta shi ne zama da mai koyar da magana duk mako, masu wannan sana'a kuwa 'yan ƙalilan ne a ƙasar, akasarinsu a Yawunde da Duwala.

Mai koyar da maganar da suka samu ba ta ɓata lokaci tana faɗa musu abin da ba zai yiwu ba. A makonni biyun da suka yi a birnin, uwar ta koyar fiye da yaron. Suka yi yarjejeniya: a gida za a yi aikin, ana turo mata gajeren bidiyo ta WhatsApp, ita kuma tana maido da gyara, ana biyanta ta kuɗin waya duk wata.

Wani zai ɗauka wannan maneji ne irin na talaka. Amma tsarin yana da hujja a bayansa. A Ingila an gwada irin wannan tsari a kan yara 152, inda ƙwararru ke kallon bidiyon iyaye da 'ya'yansu suna nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin hulɗa ba a lura ba. Sakamakon farko, a 2010, ya nuna hulɗar iyaye da yaran ta inganta, amma alamomin lalurar ba su ragu sosai ba. Da aka waiwayi yaran bayan kimanin shekara shida, rahoton 2016 ya nuna raguwar alamomin ta ɗore, duk da cewa a gwajin harshe ba a ga bambanci ba. A wannan shekarar ta 2016 aka buga sakamakon gwada tsarin a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan a kan yara 65, kuma ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne suka koyar da iyayen. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9, na zaman rukuni tara da ziyarar gida uku. Abin da hujjar ke alƙawartawa shi ne ci gaba, a hankali, gwargwadon yaro.

Kunyar ɗan fari

A nan tsarin ya fara cin karo da gida.

Abin da aka koya wa uwar mai sauƙi ne a faɗa. Ta zauna a ƙasa fuska da fuska da shi. Ta bi wasan da ya zaɓa maimakon ta ɗora masa nata: in yana jera marafai, ita ma ta jera. Ta kwaikwayi sautin da ya yi. Ta yi masa cakulkuli ko ta lilo da shi, sai ta tsaya cak ta jira, ko zai dube ta ko ya ja hannunta don a ƙara, in ya yi kuwa ta amsa nan take da fara'a. Ta riƙa kalma ɗaya ko biyu, ba doguwar magana ba. A Yawunde, a ɗaki rufe, ta yi duk wannan har malamar ta yaba.

Bidiyon farko da aka tura daga Garwa, goggon ce a ƙasa tana wasan. Uwar tana tsaye can gefe da tsintsiya. Na biyu ma haka. Malamar, wadda 'yar kudu ce, ta ɗauka uwar ta karaya, ta fara aiko mata da kalaman ƙarfafa gwiwa. Sai da goggon ta yi mata bayani ta murya: wannan ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a bainar jama'a, ba ta nuna ɗokinsa a gaban surukarta. A Garwa, inda Hausawa suka daɗe a cakuɗe da Fulani, wannan kunya ta ma fi ƙarfi. Ga kuma ƙari: sunan marigayi mijin Hajiya yaron ya ci, sunan da babu matar gidan da za ta iya furtawa. Shi ya sa yake da laƙabi har huɗu. Hajiya na ce masa Maigida, goggon na ce masa Abba, matar baffa na ce masa Mai Suna, uwar kuwa sai dai "kai" ko "yaron nan".

Wannan ya bayyana abu biyu. Yaron da dama amsa kira ke yi masa wuya, an ba shi sunaye huɗu. Sannan mutumin da ya fi kowa zama tare da shi, wadda ke yi masa wanka da ba shi abinci, ita ce al'ada ta hana ta sake masa fuska. Al'adar ba ta jawo lalurar ba, dubban 'ya'yan fari sun tashi a cikinta lafiya, domin kaka da goggo da yayye suna cike gurbin. Amma yaro mai otizim ba ya tsintar hulɗa daga iska kamar sauran yara. Sai an kai masa ita, a maimaita, daga mutanen da ya saba da su.

Batun suna bai ɗauki lokaci ba: aka tsaya a kan Abba, kowa da kowa, har uwar. Batun wasa ne ya so ya gagara, don uwar ba za ta iya buɗe baki ta roƙi surukarta ba, uban kuma yana hanya. Goggon ce ta tunkari mahaifiyarta.

"Inna, malamar nan ta ce aikin ba zai tafi ba sai uwarsa ta zauna da shi. Ita kuma nauyinki take ji."

Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "To ni na hana ta?"

"Ba ki hana ba. Amma kina zaune."

Hajiya ba ta ce ta ɗauke wa kowa kunya ba, kuma ba ta kira surukar ta yi mata jawabi ba. Washegari bayan la'asar ta ɗauki mayafinta ta ce za ta leƙa maƙwabta. Jibi ma haka. Ya zama kullum tsakanin la'asar da magariba tsakar gida na uwa da ɗanta ne, matar baffa ma ta koyi shigewa ɗaki. A ganina wannan ne taimako mafi girma da aka yi wa yaron a shekarar farko, kuma ko sisi bai ci ba. Da wani ma'aikaci daga waje ya zo ya ce al'adar jahilci ce a watsar, da ya rasa Hajiya, wanda ya rasa Hajiya kuwa ya rasa gidan. Bayan wasu watanni ta daina fita. Takan zauna a kan tabarmarta tana jan carbi, fuskarta a wani gefen, kunnenta a kansu.

Hannu da yawa

Matan adashe sun sa kuɗinsu, saboda haka suna ganin suna da haƙƙi a kan yaron, kuma da gaskiyarsu. Wata a cikinsu ta ji a intanet cewa irin waɗannan yara sai an yi musu horon awa 40 a mako. Adadin yana da asali, daga wani binciken Ivar Lovaas ne na 1987 a Amurka, inda ɗalibai da aka horar suke karɓa-karɓa a gidan yaro ƙarƙashin ƙwararru. Uwar adashe ta ce ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya, aka raba kwanaki, mata da 'yan mata fiye da goma suna shigowa bi da bi.

Cikin makonni uku yaron ya rikice. Wannan ta kama masa haɓa ta ce sai ya dube ta. Waccan da ya yi ihu ta miƙa masa duk abin da yake so, ya koyi cewa ihu na biya. Wata ta ce Faransanci kawai za a yi masa don kada harsuna su ruɗa shi. Wata ta riƙe masa hannuwa in yana kaɗa su. Ga turare kala-kala, ga gaisuwa da hira a kansa. Ya fara cizon bayan hannunsa, barcin da dama ba shi da yawa ya ƙara lalacewa, da ya ji sallama sai ya shige ƙarƙashin gado.

Malamar ta ce a tsaya. Matsalar ita ce yadda za a sallami mutanen da suka zo don Allah ba tare da an ɓata zumunci ba. Wanda ya warware wannan wani maƙwabci ne, malamin firamare mai ritaya. Ya ce kada a kori kowa, a sauya wa kowa aiki. Masu zama da yaron aka mai da su huɗu: uwar, goggon, wata 'yar baffa mai shekara 14, da shi malamin. Sauran aka ba su abin da zai 'yanta hannun uwar. Ɗaya ta karɓi ƙanwar yaron, jaririya, daga hantsi zuwa azahar. Ɗaya ta haɗa kunun da nata tallan. Mai firji da sola ta ɗauki nauyin cajin waya ranar da babu wuta. Biyu suka riƙa karɓar wanki ranar Asabar. Wasu sun ji haushi sun janye, har da wadda ta ce an raina su. Akasari sun zauna.

Aka kuma bar zancen awoyi. Horon ya koma cikin abin da ake yi kullum: lokacin wanka, lokacin kunu, sa riga, zagayawa bayan gida, da zaman la'asar na minti 15 zuwa 20. Malamin ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya ajiye a kan taga. Duk wanda ya zauna da yaron zai rubuta, ko ya faɗa a rubuta masa, abin da aka gwada da abin da yaron ya yi. Daga littafin aka gano cewa mafi yawan birgimarsa na zuwa ne ranakun da injin markaɗe ya tashi ba zato. Aka je wurin mai injin. Ba a ce ya daina sana'arsa ba, an roƙe shi ya aiko yaro ya sanar kafin ya tayar. Ya yarda, aka riƙa shigar da Abba ɗakin ƙurya kafin ƙarar ta fara.

Katunan hoto ma sai da aka sake su. Hanyar musayar hoto, wadda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985, tana koya wa yaro ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi abin. A matakin farko mutum biyu ake buƙata: ɗaya a gaba riƙe da abin, ɗaya a baya yana ɗaga hannun yaron ya ɗauki katin ya miƙa, ba tare da magana ba, sannan a riƙa rage taimakon. Katunan da aka taho da su daga Yawunde zane ne na tuffa da cuku da bahon wanka irin na Turai. Wani saurayi mai shagon hoto ya zo ya ɗauki kofin yaron na roba, da butarsa, da randa, da burodi, da babur ɗin baffa, ya wanke ya lulluɓe su da roba kyauta. Hajiya ta yi tsaye a kan abu ɗaya: ba za a hana jikanta abinci don ya miƙa takarda ba. Gaskiyarta ce, kuma ba haka tsarin yake ba. Ana zuba kunun kaɗan-kaɗan ne don damar nema ta yawaita, ko ya miƙa ko bai miƙa ba zai ƙoshi. Katin kunu shi ya fara miƙawa da kansa.

Game da harshe, gidan Hausa ake yi, titi Fulatanci, makaranta Faransanci, allo Larabci. Binciken da aka yi a kan yara masu otizim a gidaje masu harshe biyu bai nuna cewa hakan na ƙara musu jinkiri ba. Aka bar kowa da harshen da ya fi sakewa a ciki, sai kalmomin katunan da aka ce kowa ya faɗe su da Hausa iri ɗaya.

Ranar da ya fita

Uban ya so a rufe zancen a cikin gida. Yana tsoron gori, yana kuma tsoron a ce gidan na da tabo a ƙi neman 'yan matan. Damina ce ta sauya masa ra'ayi. Wata safiya a watan Agusta, lokacin da kogin Binuwai ke cika yana tura ruwa cikin kwaruruka, aka bar ƙofa a buɗe. An kusa awa ɗaya ana nema kafin wani mai babur na haya ya gan shi tsaye a cikin kududdufi har gwiwa yana kallon ruwa. Mutane sun wuce shi da dama. Wani ma ya tambaye shi gidansu, da bai amsa ba ya yi gaba.

Wannan ba tsautsayi ne na gida ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano kusan rabin yara masu otizim kan yi yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su, ruwa kuma na jan da yawansu, nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Aka sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, aka yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Uban da malamin suka je wurin mai unguwa, daga nan suka bi mai shayi, mai shago, mai faci da matattarar masu babur. Saƙon gajere ne: in kun gan shi shi kaɗai kada ku yi masa tsawa, kada ku bi shi a guje, ku tsaya kusa ku kira gida, in kuma an ce ya ɓata a fara duba inda ruwa yake.

Liman ma ya taka rawa. Malamin ne ya same shi.

"Allah gafarta Malam, yaran layi sun fara kiransa mahaukaci, har da jifa."

Liman bai ambaci gidan ba. A karatun bayan magariba ya yi magana a kan amanar yara masu rauni da alhakin uban da ya ji ɗansa na tsokanarsu ya yi shiru. Kowa ya gane. Ya kuma gaya wa iyalin su ci gaba da addu'a, amma duk mai maganin da zai daki yaro, ko ya ɗaure shi, ko ya rufe shi a ɗaki da hayaƙi, kada a bar shi ya shigo. Wannan magana ta zo a makare kaɗan, domin baffan ya riga ya biya wani mai magani da ya yi alƙawarin baki zai buɗe cikin kwana 40. Abin da aka samu gudawa ce ta kwana uku, kuɗin kuwa da ya biya malamar wata huɗu.

Inda aka tsaya

Yanzu yaron ya shiga shekara ta shida. Yana amsa sunan Abba mafi yawan lokuta. Yana amfani da katuna kusan ashirin, yana da kalmomin baki da ba su kai haka ba, wasunsu 'yan gida kaɗai ke ganewa. Yana zuwa bayan gida da rana in an tuna masa. Ya ƙara dankali da soyayyen kifi a abincinsa. Cizon hannu ya ragu ƙwarai. Kaɗa hannuwa yana nan, an kuma daina hana shi, tunda ba ya cutar da kowa kuma yana kwantar masa da hankali. Barci har yanzu matsala ne, musamman a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ba za a ce duk ci gaban daga horon ya fito ba, yaro na girma ko da horo ko babu. Abin da littafin kan taga ya nuna dai shi ne, duk lokacin da tsarin ya yanke, kamar makon bikin da aka yi a gidan, birgima na dawowa.

Akwai wadda ta biya farashi ba a lissafa da ita ba. 'Yar baffan ita ce ta fi kowa iya wasa da shi, don haka aka riƙa jingina mata shi har ranakun makaranta, ta faɗi jarrabawa ta maimaita aji. Babu wanda ya yanke shawarar a sadaukar da karatunta, a hankali abin ya faru, kowa na yaba haƙurinta. Malamin ne ya tsawatar, aka mai da nata zaman Asabar da Lahadi. A tsarin taimakon gida irin wannan, yarinya mai hankali ce kullum ke cikin haɗarin zama ma'aikaciyar da ba a biya.

Makarantar allo an gwada an dakata: hayaniyar karatu ta yi masa yawa, malamin allon kuma, duk da ya yi alƙawarin ajiye bulala a kansa, ba shi da ikon hana almajirai tsokana. Yanzu wani gardi ne ke zuwa gida bayan asuba yana karanta masa gajerun surori, yaron na saurare yana jera marafansa, wani lokaci yakan maimaita ƙarshen aya.

Saura boko. Dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya da tallafi ga masu naƙasa, har da sassaucin kuɗin makaranta, kuma Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a ce ke ba da katin shaida. Uban ya fara haɗa takardu da rahoton likitar Yawunde. Malamin ya yi magana da wata tsohuwar abokiyar aikinsa da ke koyar da ajin farko, ta yarda ta karɓi yaron awa biyu da safe in an buɗe makaranta a Satumba, da sharaɗin wani babba ya zauna kusa da shi. Goggon ce kowa ya sa wa ido. Sai dai an kawo kuɗin aurenta daga Marwa, an sa rana bayan Babbar Salla, kuma matan adashe sun sa zancen wanda zai maye gurbinta a zamansu na Juma'a mai zuwa.